Baba Mai Allo da Faifan da Ba a Zo Ɗauka Ba

Ƙarshen watan nan za a rushe benen da ke bayan tashar mota, kuma ɗakin aikin Baba Mai Allo a ƙarƙashinsa yake. An riga an shafa jan fenti a bango, masu shagunan sama sun fara kwashe kaya. Akwai allo ɗaya a ɗakin da mai shi ba ta zo ta karɓa ba. In ta zo bayan an rushe, fili za ta tarar, kuma ba wanda zai gaya mata inda za ta nufa.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana saukowa matakalar nan goma sha ɗaya da ƙarfe bakwai na safe. Ɗakin ba taga. Yana kunna fitila sai bango ya farka gaba ɗaya, faya-fayan zinare su buɗe ido daga bayan gilashi, kowane da fuskarka a cikinsa, a karkace. Baba yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mun kwana lafiya?" Sai ya ɗan jira, kamar wanda ake amsa wa, sannan ya rataye hularsa.

Aikinsa kuwa shi ne wannan. Idan faifan waƙa ya sayu har ya kai adadin da ake so, hukumar tantancewa takan ba da takardar shaida: kwafi dubu ɗari biyar zinare, miliyan ɗaya farin zinare. Kamfani ya kawo takardar wurin Baba. Shi zai fesa wa faifan launi, ya zaunar da shi a kan baƙin ƙyalle, ya sassaƙa sunan faifan da adadin a kan ɗan ƙarfen tagulla, ya rufe da gilashi. Allon da kuke gani mawaƙa suna ɗagawa a hoto suna washe baki, daga hannunsa ya fito. Ba a taɓa ɗaukar hoton da shi ba.

Waɗanda ke jere a bangon nasa su ne waɗanda ba a zo karɓa ba. Wani mai shi ya rasu kafin fenti ya bushe, wani ƙungiyarsu ta watse kowa ya ce ba shi zai zo ba. Baba ba ya ba da allo sai hannun mai shi. Kullum yana goge su, har gilashin ya fi tabaransa tsabta.

Yana da ɗabi'u uku da suka sa manajoji ke kiransa Baba Taurin Kai a bayan idonsa. Ba ya sassaƙa adadin da ba shi ke kan takarda ba. Wani manaja ya taɓa cewa ya rubuta miliyan, ai saura kaɗan. Baba ya miƙa masa ƙarfen sassaƙar ya ce, "Ga shi, ranka ya daɗe. Ni hannuna bai iya saura kaɗan ba." Ba ya kuma fesa wa kowane tarkacen faifai zinare kamar yadda wasu ke yi don sun san ba mai buɗewa. Sai ainihin faifan, kuma sai ya saurare shi daga farko har ƙarshe. Ta uku ita ce wadda ba kowa ya sani ba. Kafin ya ɗaure bayan allo, yakan ɗauki fensir ya rubuta a jikin katakon sunan duk wanda ya ji a cikin faifan amma ba a sa shi a gaba ba: mai ganga, mai busa, masu amshi, har mai tafi. Matar wani makaɗi ta taɓa zuwa bayan rasuwar mijinta, ta ce shekara ashirin yana kiɗa, ba ta taɓa ganin sunansa a rubuce ba. Baba ya sauko da wani allo, ya kwance kusoshi huɗu, ya juya mata shi. Wata tela mai shago a sama ta ce har shagonta ta ji kukan matar.

Kai ne, Baba, mai kunnen da ba ya raina na baya. Kai ne ka san cewa waƙa ba mutum ɗaya ke yin ta ba.

Akwai wani direba da ke tuƙa motar kamfanin rarraba faifai. Mutum ne mai yawan damuwa, irin wanda yakan koma gida sau biyu ya duba ko an kashe wuta. Yana da 'ya, ta fari, yana kiranta Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ita ce ke yi wa wata babbar mawaƙiya amshi. Shi kuma bai ɗauki wannan aiki ba. Wata rana da rana tsaka, a gaban ƙannenta, ya ce mata in ta fita ƙofar nan da jakar nan kada ta dawo. Ta dube shi, ta gyara jakar a kafaɗa, ta fita. Shekara biyar ke nan. Shekarar farko yana jin muryarta a rediyo a bayan ta mawaƙiyar, yana kashewa da fushi. Daga baya ya daina jin ta, lambarta ma ta daina shiga. Ya bar tuƙin bas ya nemi aikin kamfanin, ko Allah zai sa su yi karo a wata ƙofa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa, "Wace? Masu amshi ai suna da yawa."

Bara mawaƙiyar ta tattara manyan waƙoƙinta goma sha huɗu a faifai ɗaya, ta ƙara sabuwa guda a ƙarshe, ta sa wa faifan suna "Duk Muna Nan". Wata huɗu da fitowarsa ta rasu. Faifan da yake tafiya a hankali sai ya zama ba a samun sa a shago. Direban ya yi ta lodi yana saukewa, hoton marigayiyar yana kallonsa daga kowane kwali. Kafin shekara ta zagayo takardar shaida ta fito, zinare. Shi aka aika ya kai ta ɗakin Baba tare da faifan.

"Zauna," in ji Baba. "Sai na ji shi tukuna."

"Baba, mota na kan hanya, masu kula da titi za su ɗaure min ita."

"To su ɗaure. Ita ma ta huta da kai."

Ya zauna a kan wani akwati. Baba ya sa faifan, ya juyo da kunnensa na dama, don na hagun ya daɗe da yin ritaya. Muryar matacciya ta cika ɗakin, faya-fayan bango suna ɗan rawa a bayan gilashinsu. Direban ya sunkuyar da kai, domin a bayan muryar akwai wata da ya sani tun tana kukan neman nono. Baba yana ta rubutu a wata 'yar takarda. Da aka zo waƙa ta goma sha biyar, sabuwar, sai ya ajiye fensir. Ya mayar da ita baya. Ya sake mayarwa.

"Yarinyar nan mai wushirya ta dawo," in ji shi.

Direban ya ɗago kai. "Wa ya ce maka tana da wushirya?"

"Iska na fita ta haƙoranta in ta ja harafin sin. Tana cikin waƙa shida na farko, sai ta ɓace a takwas ɗin da suka biyo, ga ta kuma a ta ƙarshe. Ba sunanta a ko'ina." Ya cire tabarau ya dubi direban sosai. "Kai kuma me ya sa ka yi fari haka?"

Nan direban ya faɗa masa komai, har maganar ƙofa da jaka, wadda ko ɗan'uwansa bai taɓa gaya wa ba. Baba bai yi masa faɗa ba, bai kuma lallashe shi ba. Ya tambaye shi sunanta na yanka, ya rubuta. Ya ce an ɗauki waƙar ƙarshen ne wata goma sha ɗaya da suka wuce, ga kwanan wata a jikin kwalin.

Washegari Manajan kamfanin ya sauko da kansa, yana toshe hanci saboda warin fenti. Ya yi dariya da Baba ya tambaye shi ina yarinyar da ta yi amshin waƙar ƙarshe. Ya ce ba wata yarinya, na'ura ce. An ɗebo muryar daga tsofaffin waƙoƙi, an koya wa na'ura, ta rera sabon amshin. Haka ake yi yanzu.

"Na'urar taku tana gajiya?" in ji Baba.

"Kamar yaya?"

"A tsofaffin waƙoƙin tana jan layi biyu da numfashi ɗaya. A wannan tana tsayawa a tsakiyar layi ta ja iska, sau uku, kamar wadda ta hau bene. Wa ya koya wa na'urar haki?"

Manaja ya ce shi dai abin da aka gaya masa ke nan, lokacin bai zo kamfanin ba. Wanda ya ɗauki sautin ya bar aiki ba a san inda yake ba, mawaƙiyar kuma Allah ya jiƙanta. Baba ya nemi takardar aikin ranar. Aka kawo bayan kwana uku. An rubuta cewa an kafa makirfo biyu, amma wurin sunan mai amshi fari fat.

Baba ya ce ba zai rufe allon ba. Manaja ya ce ranar Asabar ne bikin miƙa wa dangin marigayiya, an gayyato 'yan jarida, kuma masu yin allo sun cika gari. Baba ya ce gaskiya ne sun cika gari, ya je wurinsu, su fesa masa faifan koyon tuƙi su rubuta abin da yake so. In kuwa nasa ake so, sharaɗi ɗaya ne. Zai yi ƙaramin allo na biyu da kayansa, kuma a wurin bikin a faɗa a gaban kowa cewa akwai allon mai amshi yana jiran ta a ɗakin da ke ƙarƙashin benen bayan tasha. Manaja ya kira shi da sunan da ake kiransa a ɓoye, wannan karon a gabansa. Amma an faɗa. An maimaita a rediyo sau biyu. Kamfanin bai sake kawo masa aiki ba daga ranar.

Ba sai na ci gaba da ɓuya a bayan direban nan ba, Baba. Ka san ni ne. Shekara biyar ina jin kunyar a ce 'yata 'yar amshi ce, kai kuma da ba ka haɗa komai da ita ba ka sassaƙa sunanta a tagulla, a gaba, inda kowa zai gani.

Sati uku da suka wuce, da hantsi, Baba ya fita sayo kusoshi ya bar ƙofa a sakaye kamar kullum. Tela ta ce ta ga wata mata da dogon mayafi ta sauka matakalar a hankali, tana dafa bango, tana hutawa. Ba ta ga fuskarta ba. Ba ta kuma ga fitarta ba, don an kawo mata ɗinki. Da Baba ya dawo ba kowa a ɗakin, ba abin da ya ɓata. Ƙaramin allon yana wurinsa. A kan gilashinsa akwai sawun yatsu huɗu, daidai kan sunan.

Mutumin da ba ya barin ƙura ta kwana bai goge wannan ba. Ya kira ni, na zo na tsaya ina kallo. Na ce, "Baba, hannunta ne?" Ya ce, "Ni kunne gare ni, ɗana. Hannu ban sani ba." Na so ya yi min ƙarya, ya ƙi.

Tun ranar bai sake fita da rana ba. Ni nake kawo masa abinci, uwarta kuma takan zo ta zauna a matakala ta sama da ɗinkin da ba ta yi. Ya ce ranar da za a rushe zai kwashe duk allunan ya kai ɗakin kwanansa, ko da zai kwanta a ƙasa, ya kuma rubuta adireshinsa a bangon tasha da fenti, in an goge ya sake.

Na gode, Baba Mai Allo. Allah ya bar maka kunnen da ya saura. Ku kuma masu aiki, ko wane iri ne naku, akwai wani a bayan wanda ake tafa wa. Ku nemi sunansa ku rubuta, ko da fensir ne, ko da a inda ba a gani. Wata rana wani zai zo yana neman sa.

Faifan ya doshi miliyan yanzu. Gidaje da motoci da shaguna, duk inda na bi ina jin ta tana tsayawa a tsakiyar layi tana jan iska. Ban sani ba ko ciwo ne, ko ciki ne, ko kuwa Manaja ne ke da gaskiya. Ban san wace ce ta sauka matakalar ba. Saura kwana tara a rushe benen, kuma har yau ban sani ba ko Uwata tana raye.