Tukwicin da Ya Bi ta Hannuna

Hajiya ta fi shekara goma tana zuwa Alƙahira saro kaya, kuma tun zuwanta na farko ni nake yi mata rakiya. Sana'ata ke nan. Ina tarbar 'yan kasuwarmu a filin jirgi, in kai su masauki, da safe mu shiga kasuwar Ataba, in yi musu tafinta, in taya su ciniki, in tsaya a kan kaya har a ɗaure. Karatuna bai wuce firamare ba, Larabcin ma a bakin titi na tsince shi, amma ban taɓa ɓatar wa kowa ko ɗankwali ɗaya ba. Ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe. In na kulle ƙofar gidana a unguwar Ainu Shams, sau da yawa sai na kusa tashar jirgin ƙasa na metro in juyo in sake taɓa kwaɗon. Matata ta gaji ta daina yi mini magana a kai.

Hajiya dattijuwa ce 'yar Kano, mai sayar da dogayen riguna da labule. Ba ta taɓa cin haƙƙina ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Abu ɗaya ne ban taɓa ji daga bakinta ba, ta ce na yi ƙoƙari. In kaya sun isa lafiya, sai ta ce alhamdulillahi. In katan ɗaya ya makara, sai waya ta shigo: "Kai ɗan nan, ina hankalinka ya tafi?" Ina da iyali, ga furfura a gemuna, amma har yau ɗan nan nake a wajenta. Na sha gaya wa kaina ladan aiki ya ishe ni. Bai ishe ni ba. Ina so ta faɗa, ko sau ɗaya.

A wani zuwa da ta yi, likita ya ce ta huta. 'Yarta ta kama mata ɗaki a irin jiragen ruwan nan na 'yan yawon buɗe ido, waɗanda ke tashi daga Alƙahira su bi kogin Nilu 'yan kwanaki, ana ci ana kwana a ciki. Hajiya ba ta jin Larabci ba ta jin Turanci, don haka aka kama mini ƙaramin ɗaki a ƙasa, kusa da inji.

Tun kafin mu shiga hankalina ya tashi a kan abinci. Hajiya tana da ciwon suga, kuma ba ta son a sani. Ko ni ban ji daga bakinta ba, a kantin magani na gane. Tana da ciwon gwiwa. Ba ta cin abinci mai sanyi, ba ta cin abin da babu yaji, kuma in ba ta ci ta ƙoshi ba, duk wanda ke kusa da ita ya shiga uku. Na je unguwar Hay el-Sabi' wajen wani ɗalibi da ya dawo daga gida, na roƙi yajin ƙuli cikin kwalba. Na sayi ganyen shayin da ta saba sha a masauki. Na sa su a ƙasan jakata.

Ranar farko, kafin a buɗe ɗakin cin abinci, na je na nemi shugaban wurin. Ma'aikata suna ce masa metar. Bamisire ne dogo, da baƙar kwat, gashinsa ya fara fari a gefe. Ba ya ɗaukar faranti, ba ya goge tebur. Tsayawa yake a bakin ƙofa, in ya ɗaga yatsa ɗaya sai ka ga mutum ya taho da gudu.

Na gaishe shi, na zayyana masa komai. A ba ta teburin da ke nesa da inda ake sayar da giya. A sa matashi a kujerarta. A kawo ruwan ɗumi a kwano, don da hannu take ci. Ga yaji, a zuba a ɗan ƙaramin faranti. Ga ganyen shayi, kada a sa suga, kuma kada a tura mata keken kayan zaƙi. Sannan na ce masa, "Don Allah ya ustaz, kada ta san ni na faɗa. In ta ji na yi maganar ciwonta da baƙo, ba za ta yafe mini ba."

Bai rubuta komai ba. Ya dube ni ya ce, "Tamam," wato shi ke nan. Na fita ina fargabar zai manta rabi.

Bai manta ko ɗaya ba. Da muka shigo, ya taho da kansa, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce, "Ahlan ya Hagga," wato barka da zuwa Hajiya. Ya ja mata kujera mai matashi. Kafin ta zauna sosai ruwan ɗumi ya iso. Da aka kawo shinkafa da kifi, shi da kansa ya ajiye ɗan farantin yajin a damanta, a hankali, kamar yana ajiye zinariya.

Hajiya ta lakata ta ɗanɗana, ta ɗago ta dube ni.

"Kai ɗan nan, wannan ai yajinmu ne. Wa ya gaya masa?"

Na buɗe baki. Sai na tuna in na ce ni ne, tambaya ta gaba ita ce me kuma na gaya masa. Na rufe bakina.

"Ya saba da manyan mutanenmu," ta ba kanta amsa. "Daga gani ka san ya yi hulɗa da masu daraja. Ka ga yadda ya lura da ƙafata tun daga ƙofa? Kai shekara nawa muna tare, ka taɓa sa mini matashi?"

A masaukinta na Ataba, ni nake hawa bene kafin ta iso in canza kujerar ɗakin. Ba ta sani ba, don ba ta taɓa ganin tsohuwar kujerar ba.

Haka kwanakin suka tafi. Kafin kowane cin abinci sai in zagaya in same shi. Yau cikinta bai yi daɗi ba, a yi mata miya mai ruwa. Yau ta yi waya da gida ranta a ɓace, kada a sa mai kiɗa kusa da ita. Ya ce tamam. In mun zo, komai ya fito daga hannunsa kamar shi ya yi mafarkinsa. Hajiya ta fara kiransa mutumina. "Mutumina ya san yau ba na son maiƙo." "Ka dubi tsayuwarsa, ka koya."

Na dube shi kuwa, fiye da yadda take nufi. Mutane suna sama suna kallon dabino da ƙauyuka a bakin kogi, ni ina kallon takalminsa da ke ƙyalli, da agogonsa, da yadda yake murmushi bai buɗe haƙori ba. Na riƙa neman aibinsa. Na so in ga ya daka wa ma'aikaci tsawa, ko ya yi dariyar Hajiya in ta juya baya. Ban gani ba. Wata rana da rana, yana zuba mata miya, na ji zuciyata tana fatan jirgin ya girgiza miyar ta zube a mayafinta. Na tsorata da kaina. Na sauka ɗakina na yi alwala na yi ta istigfari. Mutumin bai yi mini komai ba. Abin da na roƙe shi ya yi, shi ya yi, har rufin asirin da ni na nema. Duk na san wannan, amma da na hau cin abincin yamma na ga ya sunkuya yana gaishe ta, abin ya dawo sabo.

Da muka kusa komawa Alƙahira na fara lura da wata al'ada. Akwai akwati a wajen karɓar baƙi inda ake jefa baƙshish, wato tukwicin ma'aikata, a raba musu gaba ɗaya. Amma na metar daban ne. Ba a sa shi a akwati, ba a miƙa shi a fili. Mutum zai ninke kuɗin ƙanana a tafin hannunsa, ya je kamar sallama, su yi musabaha, kuɗin ya sauya hannu. Na ga wani tsohon Bature ya yi, na ga wani Balarabe ya yi. Hannun metar yana sauka aljihu, fuskarsa ba ta nuna komai.

Da safiyar ranar sauka, jirgi ya riga ya tsaya, ana jin hon ɗin motocin Alƙahira ta taga. Muna karin kumallo Hajiya ta ce, "Yaya ake yi wa mutumina alheri a nan?"

Na gaya mata yadda na gani, ban rage ba.

"Musabaha? Ni in kama hannun namiji? A'a. Kai za ka yi."

Ta buɗe jaka ta zaro daloli ta miƙo mini. Na yi niyyar kada in duba, amma idona ya riga ni. Sun fi abin da nake samu a rakiyar mako guda, da rana da ƙurar Ataba da faɗa da 'yan dako.

"Kuma ba a ɓoye za a yi ba kamar kayan sata," ta ce. "Mu a wajenmu in an yi wa mutum kyauta ana faɗin dalili. Kira shi. Abin da na ce ka juya masa daidai, kada ka ci rabi."

Ban taɓa cin rabin maganar kowa ba. Tafinta amana ce, kuma ina tsoron ranar da za a tambaye ni. Na ninke kuɗin a tafina na kira shi. Ya zo ya tsaya, hannu a ƙirji.

"Ce masa na yi yawo ƙasashe, ban taɓa ganin mai lura irinsa ba."

Na faɗa da Larabci.

"Ce masa ya san abin da nake so kafin in buɗe baki. Ce masa ko ɗan da na haifa iyakar abin da zai yi ke nan."

Na faɗa. Da na zo wajen ɗan da na haifa, sai da na maimaita don kada ya zama na tauye.

"Ce masa Allah ya yi wa uwar da ta haife shi albarka. To, ba shi."

Na miƙa hannu, ya miƙo nasa. Tafina ya jiƙe da gumi, kuɗin suka manne, sai da na ɗan murza kafin su rabu da ni. Bai sa a aljihu nan take ba. Ya riƙe hannuna, ya dubi Hajiya, ya yi magana a hankali yadda zan ji kowace kalma.

Ya ce, "Gaya wa Hagga na gode. Amma gaya mata gaskiya. Yajin naka ne, shayin naka ne. Matashin da ruwan ɗumin kai ka faɗa mini. Kullum kana zuwa kafin ta zo. Ni ɗauka kawai na yi na ajiye."

Bai ambaci suga ba.

"Me ya ce?" in ji Hajiya.

Na tsaya. In na faɗa, zai zama ina yabon kaina da bakina, kuma wa zai shaida cewa ba ƙari na yi ba? In na ce godiya kawai ya yi, na ci amana. Kuma can ƙasan zuciyata wani abu yana tsalle, yana cewa ga ranar ta zo. Na sunkuyar da kai na juya mata maganar duka, kalma bayan kalma, ban sa ko gishiri ba.

Ta dube ni, ta dube shi.

"Ka ji ɗan halak," ta ce. "Ka ji tarbiyya. An yabe shi, ya ɗauki yabon ya yafa wa na ƙasa da shi. Ya ga fuskarka tun ɗazu kamar an aiko maka da rasuwa, shi ne ya ce bari ya faranta maka. Kai ɗan nan, a ina za ka samo yajin ƙuli a tsakiyar ruwa?"

"Hajiya, ai daga Hay el-Sabi' na..."

"Bari. Irin wannan mutum ba a barinsa haka."

Ta sake buɗe jaka. Ta sake zaro wasu. Na sake ninkewa, na sake miƙa hannu. Metar bai ji Hausa ba, amma ya ga abin da ya faru. Wannan karon ya matse hannuna ya ce ƙasa-ƙasa, "Ma'alish," wato yi haƙuri. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Ko a nan sai da ya fi ni.

Na kwaso jakunkuna muka hau tasi. A cunkoson bakin kogi Hajiya ta ce ƙishi take ji. Na ciro fulas ɗin da na cika tun asuba, da ragowar ganyen shayin nan, babu suga. Ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Ba kamar na mutumina ba," ta ce, ta shanye, ta miƙo mini kofin.

Har yanzu ni nake yi mata rakiya. Duk zuwan da za ta yi, sai ta sa a kayanta turare ko hula ta ce in kai masa bakin kogi in jirginsu ya tsaya. Ina kaiwa. Ban taɓa buɗe ledar ba, sai dai in shinshina ta waje a cikin metro. Ya karɓa, ya tambayi gwiwar Hagga, ya ba ni shayi, mu ɗan zauna. Mutumin kirki ne, na rasa yadda zan yi da wannan. In na dawo ta tambaye ni me ya ce, sai in gaya mata daidai.