Kwaɗon Tafasar Yayata

A shekarar da aka canja takardun kuɗi, jama'a suka yi ta layi a bakin banki, 'yata da ke karatun lafiya ta zo gida Kaura da aiki. An ce ta kiyasta yawan koren ganye da mutum ke ci a mako. Sunan koren nan wai kulorofil.

Na ce ta fara da ni. Tambayoyinta ba su gamsar da ni ba, sai na ƙirƙiro nawa ma'aunin. Duk ganyen da zai shiga tukunya don ni, in murza shi a takarda, in rubuta sunansa da ajami a gefen tabon. Na ɗauka shafin zai yi kama da fadamar Shinkafi da damina.

Kwana bakwai suka wuce: shinkafa da mai, burodi da shayi, tsire idan Allah ya hore. Garin kuka ya bar ɗan duhu ranar Talata. Ranar Alhamis kunya ta sa na murza ganyen da aka ƙunso mini goro a ciki.

"Baba, wannan ka ci shi?"

"Ya dai kusanci bakina."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce akuyarmu ta fi ni maki.

Maganar akuya ta tsaya mini a rai. Shekarun baya, yayata ta Zurmi ta ajiye mini kwaɗon tafasa a gaban baƙi, ni kuwa ina ganin na zama ɗan birni, na ture kwanon na ce ni ba akuya ba ne. Tun ranar muna gaisawa, amma ba ta sake ba ni abinci da hannunta ba.

Na hau mota zuwa Zurmi da takardar a aljihu. Bayan gaisuwa na miƙa mata, na ce lissafin ganyen da na ci a mako ne. Ta juya ta, ta sake juyawa.

"Malam, mi ka rubuta nan? Ban ga komi ba."

"Shi ya kawo ni, Yaya. Akuya ta zo neman gafara."

Ta ajiye takardar. Sannan ta tashi ta shiga madafa, na ji dakan ƙuliƙuli. Kwanon da ta kawo ya fi na wancan karon girma. Na yi bisimilla, ta zauna tana tsare da ni har na suɗe gindinsa.

"To, na yafe," in ji ta. "Rubuta wannan ma."