Gafiyoyin Yammedi

A tashar Ƙaraye, Mijinyawa yana jiran mota ta cika. Shi mutum ne da ba ya iya zama bai ƙirga wani abu ba. Yau idonsa ya sauka kan wata siririyar mata mai tabarau, takalminta duk jar ƙasa. Tana durƙushe gaban buhu da safar roba a hannu, tana zaro matattun gafiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Tara cif. Gefenta ga ƙaramin keji, da biyu masu rai a ciki.

Dattijon da ya kawo su daga Yammedi yana ta murmushi. "Malama, ai sauƙaƙa miki muka yi. Gafiya in ba a ƙwala mata sanda a ka ba, sai ta cire miki yatsa."

"Baba, kan nake nema," in ji ta a hankali. "Ƙwaƙwalwar da lakar zan yanka siriri-siriri, in ga inda jijiyoyi ke karɓar saƙon sinadarin kalsiyam. Fasasshen kai ba ya nuna komai."

Mijinyawa yana hasashen ɗalibar jami'a ce da aka yanka wa wa'adi, ga damina ta kawo jiki, ba mai barin gona ya bi ramin gafiya. Sau uku tana sake latsa kawunan, ko za a dace.

Ba ta yi faɗa ba. "Sannu da ƙoƙari, Baba," kawai ta ce. Sai ta lulluɓe kejin da gefen gyalenta, ta tsaya tsakaninsa da rana.