Yaya Garba Mai Kwance Rumbu Ya Tafi

Da safen nan ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, waya ta shigo: Yaya Garba ya rasu.

Na ce wane Garba? Aka ce Garbanku dai, mai katako.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku yi mini afuwa, yau ba zan iya rubuta ta'aziyya mai tsari ba. Haushinsa nake ji. Wallahi haushinsa nake ji, ga hawaye sun ƙi tsayawa.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Garba injiniya ne, mutumin Zariya. Ba uwarmu ɗaya ba, amma shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na fara taka ƙasar nan, a falonsa na kwana har na samu ɗaki. Lokacin da kasuwar gidaje ta karye aka yi ta sallamar ma'aikata, shi ma abin ya biyo ta kansa. Kowa ya zaci zai nemi wani ofis. Sai ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura ya shiga ƙauyukan Virginia da Maryland yana neman rumbunan manoma.

Ba irin rumbunmu na ƙasa ba. Manya-manyan ɗakunan katako ne da Turawa ke ajiye ciyawa da dabbobi, wasu sun girmi kakanninmu. In ya samu wanda ya kusa faɗuwa sai ya daidaita da mai gona, ya sauke shi katako-katako, ya zare ƙusoshi, ya kankare, ya kai wa masu gyaran gida. Wani lokacin shi zai yi aikin da kansa, daɓe ne, ƙofa ce, tebur ne.

Kuskure ne ka ce masa yana rushe rumbu. "Nasiru, ni ba na rushewa, kwancewa nake yi." Daga nan kuma ka shiga lacca.

Wata Asabar ya kira ni ya ce in fito mu je shan iska bayan gari. Na yi wanka, na sa farar shadda, har da turare. Sai ga mu a wata gona can gaba da Leesburg, ya miƙo mini guduma ya nuna mini tulin katako ya ce in fara zare ƙusa. Ina ɗaga katako na farko ashe gidan rina ne a ƙarƙashi. Na yi gudun da ban taɓa yi ba tun ina firamare. Shi kuwa yana can saman rufi yana dariya har da riƙe ciki.

Ran Litinin na je aiki da ido ɗaya a kumbure. Na rantse ba zan ƙara binsa ba.

Na ƙara. Ba sau ɗaya ba.

Mutum ne da ba a faɗin matsalar gida a gabansa. Wata rana yana cin tuwo a gidanmu a Sterling, matata Hauwa ta ce kafet ɗin falo ya tsufa. Hira ce kawai take yi. Bayan kwana kaɗan na dawo aiki na tarar da kafet a naɗe a bakin ƙofa, kujeru a gareji, Hauwa tsaye kan matakala ta ɗora hannu a ka.

Na ce, "Yaya, wa ya sa ka?"

Ya ce, "Kai dai ka gode wa Allah. Katakon nan da zan shimfiɗa maka ko gwamna bai taka irinsa ba."

Na ce masa Hajiyata na hanya daga Kano, biza ta fito. Ya ce kafin ta iso ya gama.

Bai gama ba. Ya shimfiɗa rabi, ya ji labarin wani rumbu a Frederick, ya ɓace. In na kira sai ya ce, "Gobe-gobe, in sha Allahu." Hajiya ta sauka a gidan da ake tsallake katako kafin a kai bayi. Hauwa ta daina yi mini magana sai da ido.

Ranar da ya dawo da kayan aikinsa na ce to, Alhamdu lillahi. Ya durƙusa ya gaida Hajiya, suka yi ta hirar Zariya. Da la'asar ta yi ya ga tana salla a kan kujerar cin abinci, don gwiwa ta hana ta sujada, kujerar kuma ta yi mata tsawo, ƙafafunta na lilo. Sai ya tattara kayansa ya fita, ya bar mini falo yadda yake.

Na cika na yi fam. Washegari sai ga shi da wata 'yar kujera gajera mai maƙalin hannu, ya goge ta sumul. Ya ce, "Hajiya, gwada wannan." Ta zauna, ƙafarta ta taɓa ƙasa, ta yi ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa kansa.

Da za ta koma ta ce ba ta tafiya ba kujerarta. Ni na sha rigima da masu auna kaya a filin jirgin Dulles. A kanta ta yi salla har Allah Ya karɓi ranta.

Ka ga irin mutumin da ba ka isa ka yi fushi da shi ka more ba.

Amma taurin kai, subhanallah. Matarsa Anti Rabi nas ce, ta san abin da faɗowa daga sama ke yi wa mutum. Ta sayo masa ɗamarar nan mai igiya da masu hawa rufi ke ɗaurawa. Ya yi godiya sosai, ya mai da ita abin ɗaure kaya a bayan mota. Da idona na gani. Duk muka zauna muna jiran ranar da za a ce ya faɗo.

Makon jiya na haɗu da shi a wani shagon kayan Afirka a Wheaton, Hauwa ta aike ni kuka da daddawa. Yana jingine da buhunan shinkafa, hannu a ƙirji, yana gumi cikin sanyin nan.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Yaji ne. Kilishin da aka kawo mini daga Yamai ne, sun cika barkono."

Na ce, "Wannan ba yaji ba ne. Zo mu je asibiti yanzu, motata na waje."

Ya ce, "Kai ma ka zama Rabi? Akwai rufin da nake so in sauke kafin ƙanƙara ta fara. In ta zuba masa, katakon ya tafi. Ina gamawa zan je da ƙafata."

Na ce zan kira Anti Rabi. Ya ce kira mana, ai ta fi ka sani. Na kira ta a gabansa. Ta ce, "Nasiru, na yi faɗa, na yi kuka, na kama masa layin likita ya ƙi zuwa. Ko ka ɗaure shi ka kawo mini." Ya karɓi wayar ya ce mata ta dafa masa fate, ya kashe.

A bakin mota ya buɗe bayan a-kori-kurarsa ya ɗauko wani ɗan katako da ya gyara na yanka albasa. Ya ce, "Kai wa Hauwa, ka ce har yanzu ina neman gafarar kafet."

Ganina da shi ke nan.

Yau bayan asuba ya tafi gonar da rufin nan yake. Bai ma hau rufin ba. Mai gonar ne ya ga mota ta daɗe a tsaye inji na aiki, ya leƙa, ya same shi zaune a kan kujerar direba, ya riga ya cika.

Yaya, asibiti fa a kan hanyarka yake. Ka wuce ta gabansa.

Sai kuma ku jama'a. Ina gidan rasuwar tun ɗazu, kuma da kunnena na ji wani ya bugo wa Anti Rabi waya, bai gama gaisuwa ba ya shiga tambayar wa zai ƙarasa masa kabad ɗin kicinsa. Haba! Mutumin ko wanka ba a yi masa ba. Duk mai aiki a hannunsa ya neme ni ta saƙo bayan sadakar uku, za mu zauna. Ku ƙyale baiwar Allah nan da 'ya'yanta su yi kukansu.

Za a yi jana'iza gobe bayan azahar a Sterling, in sha Allahu.

Ya Allah, bawanka Garba ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka faɗaɗa masa shi, Ka sa aljanna ce makomarsa. Ka ba Anti Rabi da yaran haƙurin da ba su da shi yau, mu ma Ka ba mu.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya danna alamar kuka kawai ya wuce. Ka tsaya, ka ɗaga hannu, ka ambaci sunansa ka roƙa masa rahama.