Jirgin da ba ya bi ta kan gidaje

Mun tashi da asuba daga Yelwa a bayan motar albasa, ni da ƙanena, muka nufi Wara. Tun da aka datse kogin Kwara a Kainji ruwa ya shiga tsakanina da gonata. In ban sami jirgin ruwa na saya kafin shuka ba, bana sai dai in ci tuwo a gidan surukai.

Hanya ta jijjiga mu har albasa ta san sunanmu. A wata tasha muka sayi soyayyen kifi na sisi, ya ishe mu har da saura, don bana kifi ya fi masu cinsa yawa.

Mai jirgin da aka ce mana na sayarwa a Wara wani tsoho ne cikin Gungawan da gwamnati ta kwashe daga tsibirinsu da ruwa ya cinye, ta kai gidajen siminti a tudu. Kafaɗa ta hana shi tuƙi, amma an ce mutum biyu sun zo saye ya kore su. Jirgin na maɗaci ne, da facin kwalta a ciki. Bai yi zancen kuɗi ba. Ya miƙo mini filafili ya ce, "Shiga mu gani, ɗana."

Ruwa ya kwanta lumui, gajimare na yawo a cikinsa, kawunan giginya sun leƙo, balbelu sun sauka a kai. Ji nake kamar barci ke tuƙa mu. Can inda babu komai sai ruwa ya ce in karkata hagu, an jima ya ce dama. Muka yi ta lanƙwasa kamar masu bin lungu.

Na ce, "Baba, mi muka kewaya?"

"Gidajen mutane. Nan ɗakin innata yake. Waɗancan da sunka zo, ta bisa sunka bi."

Na ɗaga filafili, na leƙa, ban ga komai ba sai fuskata. Duk da haka na yi sallama. Tsoho ya amsa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa.

Da muka fito gaɓa ya shafa bakin jirgin ya ce ya sallama mini shi, Allah ya sanya albarka.

Washegari da yamma muka iso gida ta ruwa, kafaɗu kamar ba namu ba. A hanya na gane rashi ma hawa-hawa ne. Ni jirgi zai kai ni gonata. Shi kuwa ko da jirgin yana hannunsa, babu gaɓar da zai sauka ya ce ya iso gida.