Wasiƙar Da Ke Wuyan Kakata

Ni mutum ce mai mantuwa, ko lambar wayata wani lokaci sai na duba. Amma akwai wata azahar guda a rayuwata da ba na jin za ta bar raina har a kai ni kushewa. Shekara shida ke nan, har yau in na ga reza a tiren mai koli sai gabana ya faɗi.

Lokacin na gama sakandare, ina zaune gida a Talata Mafara, ba aiki ba karatu, sai jinyar kakata ta wajen uwa. Ni aka bar wa ita saboda ni kaɗai nake iya tsawata mata ta sha magani. Kowa a gidanmu ya san halina, ba na iya jira kuma ba na iya zagaye-zagaye. Ita kuwa ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai marar kunya.

A Bakura aka haife ta, kuma ba ta taɓa ganin ubanta ba. An ce tana ciki aka ɗauke shi sojan ƙasa zamanin Turawa, aka tafi da su yaƙin duniya a ƙasar Bama, bai dawo ba. Wannan shi ne abin da uwarta ta faɗa. Mutanen gari kuwa wani labari suka riƙe, wai ba wani soja, guduwa ya yi Kurmi don bai yarda cikin nasa ba ne. Da wannan maganar aka yaye ta, da ita aka yi mata gori a bakin rijiya, har ranar aurenta sai da wata ta tayar da ita.

Wata safiya a tsakiyar bazara ina jiƙa mata magani ta ce, "Ke marar kunya, zaka nan."

Na ce, "In fura ce, ba ki sha sai kin shanye wannan."

"Ba hura nika so ba. Ke da kinka yi boko, ki bincika mini ko ubana ya san da ni."

Na ce mata sai yanzu da ta zo ƙarshen hanya za ta tuna da uba? Haka na faɗa, ba ragi. Ta dube ni ta ce ba ta taɓa mantawa ba, kunya ce ta hana ta tambaya, ni kuwa tunda Allah bai ba ni ita ba sai in yi amfani da rashinta. Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Kawuna, babban ɗanta, malami ne, yana karantar da manya a zaurensa. Da na kai masa maganar sai ya ce wanda ya mutu addu'a yake buƙata, ba bincike ba. Na zauna masa a ƙofar zaure kwana biyu har ya gaji. Ya ce ya taɓa jin wani dattijo a Maradun da ubansa ya je Bama ya dawo. Hanyar ba lafiya a lokacin, sai da muka tambayi direbobi a tasha suka ce an wuce da safe, sannan muka shiga mota, kowa bakinsa na motsi har muka sauka.

Dattijon tela ne. Shi da Kawu suka shiga gaisuwa, ina gida, ina iyali, ina zafi, ina haƙuri da zamani, suka kai ƙarshe suka sake dawowa farko. Ni ina tsaye ina kaɗa ƙafa. Da na ga abin ba zai ƙare ba na tsoma baki na faɗi abin da ya kawo mu. Kawu ya harare ni. Tela ya yi murmushi ya shiga ciki, ya fito da wani tsohon gwangwani. A ciki akwai lambobin yabo da suka yi baƙi, da wani ɗan littafi na sallama daga soja. Na faɗa masa sunan uban Kaka da garinsu.

Ya girgiza kai. "Ɗiyata, suna ba ya kai ki ko'ina. Tsohona ya ce wurin rubuta sabbin soja sai a liƙa ma mutum sunan garinsu, wasu ko da gangan sunka ba da sunan da ba nasu ba don kada dangi su biyo su. Soja lamba gare shi. In kun samo lamba, akwai inda aka dubawa."

Na tambaye shi ko ubansa ya taɓa ambatar mutanen Bakura. Ya ce ƙwarai, yakan ce akwai su cikin ƙungiyarsu, ɗaya ma da hannunsa ya binne shi a cikin wani daji da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Na ce wanne? Ya ce bai sani ba. Tsohon yakan zauna nan ƙofar gida yana ba da labari, su kuwa suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya don labarin ya ishe su. Ya rasu shekaru da dama da suka wuce. Da za mu tafi sai ya ƙara da cewa mu duba ko wasiƙa ta taɓa zuwa, domin soja in ya aiko wasiƙa yakan sa lambarsa a kai don amsa ta same shi.

Washegari muka tafi Bakura. Gidan da aka haifi Kaka ya zama kango, an shuka kuɓewa a tsakarsa. Aka nuna mana wata tsohuwa makauniya, 'yar wan uwar Kaka, wadda tana yarinya a gidan lokacin da abin ya faru. Tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ban jira Kawu ya gama gaisuwa ba na ce, "Iya, wasiƙa ta taɓa zuwa daga uban Kaka?"

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta ce, "Wa ya aiko ki?"

Na ce Kaka ce, kuma tana kwance.

Sai ta ba mu labarin. Wani falke ne ya kawo wasiƙar daga bariki, cikin uwar Kaka yana wata bakwai. Da ajami aka rubuta ta. A unguwar kaf ba mai karatu sai surukin matar da ɗalibansa. To ina yarinya mai cikin fari za ta ɗauki wasiƙar mijinta ta kai wa ubansa ya karanta mata? Ko sunan mijin ba ta iya faɗa. Ga kuma tsoro, in takardar saki ce fa, a karanta ta a gaban mutane? Sai ta ɓoye ta a ƙarƙashin gado har ta haihu. Ranar suna ta aiki wannan tsohuwar, tana 'yar shekara takwas, ta kai wa baduku mai ɗinkin fata ya ɗinke ta kamar laya, aka rataya wa jaririya. Ta sa ta rantse ba za ta faɗa ba.

Na san layar. Baƙa ce ƙarama, ta yi sulɓi don tsufa, kullum in ina yi wa Kaka wanka sai na ɗaga ta. Kawu ya sha yi mata wa'azi ta cire, tana cewa ita kaɗai ce abin da uwarta ta bar mata.

Na ce, "Iya, shekara tamanin ana zagin mutum, kina da wannan a baki kika yi shiru?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni?" Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Da muka dawo na faɗa wa Kaka. Ba ta yi kuka ba. Ta kama layar ta riƙe kamar yau ta fara ganinta, sannan ta sunkuyar da kai na zare mata. Muka kai wa wani tsohon baduku a kasuwar Mafara. Ya juya ta, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Wagga ta girme ni," in ji shi. "Takardar da ke ciki ta bushe ƙarau. Ku naɗe ta cikin tsumma mai tsabta, ku aje gindin randa kwana ukku ta sha sanyi, kada ruwa ya taɓa ta. Sannan ku kawo in warware zaren ɗaya ɗaya da basilla. In ta hito, ta ƙara kwana guda kahin a buɗe."

Na ce, "Baba, kwana huɗu don buɗe abin da bai kai akwatin ashana ba?"

Ya dubi Kawu ya ce, "Malam, ka riƙe ta. Kada a sa ma abin ga ƙarhe."

Aka ajiye ta gindin randa. Washegari jikin Kaka ya rikice, numfashinta yana fita da ƙyar. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta fito tana cewa mu yi ta addu'a. Na lissafa, saura kwana uku. Na dubi Kaka na ce a raina wannan ba za ta kai gobe ba. Kuma in faɗi gaskiya, ba tausayi ne kaɗai ya tura ni ba. Na raina tsohon nan. Gani nake ni da na yi makaranta, me baduku zai koya mini game da takarda? Ina kuma son a ce ni na warware abin da ya gagari gidanmu shekara tamanin.

Bayan azahar zafi ya kwantar da kowa. Na ɗauko layar, na shiga ɗaki da sabuwar reza. Niyyata in yanke bakin ɗinkin kawai. Fatar ta yi tauri kamar ƙwarya, rezar ta ƙi shiga. Na danna. Ta ƙi. Na danna da ƙarfi, sai ta zarce har ɗaya gefen. Na ji wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen ganye.

Da na tsaya a nan, da wataƙila an ceci rabi. Ban tsaya ba. Na zaro takardar a ninke, na sa yatsu zan buɗe. Duk inda na taɓa sai ya ruguje kamar garin kuka. A wani ɗan lungu na hango lambobi irin na boko, da idona na gan su, na yi saurin danne wurin da babban yatsa don kada ya faɗi. Hannuna jiƙe yake da gumi. Tawadar malamai kuwa kowa ya san ba ta jure ruwa, shi ya sa ake wanke allo a sha. Da na ɗaga yatsan, lambar tana jikin fatata, baƙin tabo kawai.

A haka Kawu ya same ni. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya samo gashin kaza ya share ɓurɓushin a kan farin ƙyalle, ya sa tabarau, ya durƙusa har la'asar ta kusa wucewa. Abin da ya iya karantawa guntu biyu ne. Ɗaya ya ce "bayan gaisuwa". Ɗaya ya ce "in kin sauka". Shi ke nan.

Ya ce mu faɗa mata uban ya gaishe ta ya sa mata albarka. Na yarda. Amma da muka shiga ba Kawu ta duba ba, ni ta duba. Ta ce, "Mi ya ce?"

Na ce ya ce in kin sauka.

"In kin sauka mi? A sa mata suna, ko ki kwashe kayanki ki koma gidanku?"

Kawu ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "Ba mu sani ba, Kaka. Sauran ya zama gari. Ni na yanka ta da reza."

Ta rufe ido. Can ta ce, "Shekara tamanin tana wuyana, ko ciwon kai ba ta yi ba." Sannan ta ce a tattara garin a mayar mata. Badukun ya ɗinke shi cikin sabuwar fata, ko kallona bai yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kaka ba ta mutu washegari ba. Kwana tara ta ƙara, da hankalinta, tana shan kunu, tana gane kowa. Kwana huɗun da na ce babu su, ga su nan har da saura. A cikin kwanakin nan ba ta ƙara ce mini marar kunya ba. Da sunana na yanka take kirana, a hankali, kamar baƙuwa. In na kawo magani ta karɓa ta shanye ba musu, ta ce an gode.

Bayan rasuwarta na koma wajen tela da guntayen lambar da na tuna, ya ce lamba biyu ba lamba ba ce. Tsohuwar Bakura ita ma ta rasu da damina. Yanzu ba wanda ya rage da zai ce mutumin nan soja ne da ke kwance a dajin Bama, ko kuwa magujin da aka ce. Jikokinsa mun fi arba'in, babu wanda ya san ko ya so mu.

Mutane sukan ce mini kunyar mutanen da ce ta jawo, da an karanta wasiƙar tun ranar da ta zo da ba a kai ga haka ba. Gaskiya ne. Amma kunyarsu ta adana takardar nan shekara tamanin ba ta ɓata ko wasali ɗaya ba, ni kuwa gaggawata ta cinye ta kafin a kira la'asar. Abin da na koya, a makare, shi ne in kina da tsoho a gida ki tambaye shi yau, kada ki bari sai yana shure-shuren mutuwa. In kuma wanda ya san aikinsa ya ce ki jira kwana huɗu, ki ɗaure hannunki ki jira. Har yanzu ba ni da haƙuri, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai duk lokacin da na ji zuciyata na cewa yi maza, nakan dubi babban yatsana na dama, in zauna.