Furar Kwakwa a Sotega

Shekarar da na fara sa rigar sanyi a birnin Libreville, maƙwabta sun ɗauka wani sabon yayi na ɗauko. Garin da mutum ke fitowa daga wanka yana gumi, ni kuwa ina zaune a ƙofar ɗaki cikin tsohuwar rigar ulun maigidana, har da safa a ƙafa. Jikina ya yi nauyi, fuskata ta kumbura, in na taje kai sai gashi ya cika matajin. Barci kuwa ko a kan sallaya yake ɗauke ni. Matan unguwa suka fara yi mini murmushi suna kallon cikina. Wata ma ta kawo mini ɗanyen mangwaro da gishiri, ba tare da na roƙa ba.

"Ba ciki ba ne," na ce mata.

"Haka kowa ke faɗa," in ji ta, ta ajiye kwanon ta fita tana dariya.

Mu 'yan Damagaram ne. Maigidana yana da shago a unguwar Sotega, ɗakunanmu suna bayan shagon, ƙofa ɗaya ce tsakani. Kullum da sassafe mota take kawo dogon burodin nan cikin buhu, da zafinsa, ƙamshin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya same ni a kan gado. Tun da na zo garin nan karin kumallona bai taɓa canzawa ba: rabin burodi an tsaga an shafe shi da bota, da shayi mai kauri wanda madarar gwangwani ta mai da shi fari. Da rana taliya ko shinkafa. Da la'asar kuma fura. Nononmu na nan ba na Fulani ba ne, madarar gari muke kwaɓawa mu bar ta ta kwana ta yi tsami, amma idan an dama da furar gero a ƙwarya, mutum ya rufe ido, sai ya ga kamar yana tsakar gidansu.

Maigidana ne ya matsa sai mun je asibiti, ranar da ya tarar na sa buta a cikin firiji ina kuma neman ta ko'ina. Muka hau taksi zuwa wani asibiti a wajen unguwar Plaine Orety. Likitar mace ce mai fara'a, gashinta ya fara furfura. Ta shafa wuyana, ta sa na haɗiye yawu, ta tura ni awon jini. Da sakamakon ya fito sai ta ɗauki biro ta zana mini wani abu mai kama da malam-buɗe-littafi, ta ce ga shi nan a gaban maƙogwarona, sunansa tiroyid, shi ke riƙe da ɗumin jiki da kuzarinsa. Nawa ya yi sanyi da aiki, domin garkuwar jikina ta ɗauke shi baƙo tana ta yaƙar sa. Faransancina na kasuwa ne, don haka maigidana yake fassara mini. Da ya zo wurin nan sai ya ce, "Wai sojojin jikinki ne suka yi wa gwamnati tawaye." Likitar ta tambayi abin da ya ba mu dariya, da ya faɗa mata ita ma ta dara.

Ta rubuta mini wata 'yar ƙwaya da zan riƙa sha kowace safiya kafin in sa komai a baki. Bayan 'yan watanni na cire rigar ulu, barcin ya ragu. Amma cikina bai daina kumburi ba, gaɓoɓina kuma suna ciwo, musamman yatsu. In na tashi da safe sai na jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin in iya ɗaura zani. Da na koma na yi wa likitar ƙorafi, ta tambaye ni abin da nake ci. Na lissafa mata. Ta ƙara wani awon, sannan ta ce akwai masu irin ciwona da ke samun sauƙi idan suka bar alkama da madara, akwai kuma waɗanda ba su ganin wani bambanci. Ta ce in gwada na ɗan lokaci mu gani, amma kada in kuskura in bar ƙwayar.

A cikin taksi na fara ƙirga abin da aka raba ni da shi. Burodi. Taliya. Fanke da cincin. Bota, madara, nono. Da na iso kan nono sai na ji hawaye ya zo. Maigidana ya dube ni ya ce, "Maman yara, ki kwantar da hankalinki. Daga yau ni ma na bar burodi. Tare za mu yi."

Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Ya riƙe ta har washegari da hantsi. Na leƙa shago in karɓi ashana, na tarar da shi a tsugune bayan kanta kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Ya miƙe da sauri yana mini sannu, ga ɓurɓushin burodi a gemunsa.

"Alhaji, me ke gemunka?"

Ya shafa ya duba. "Ƙurar buhu ce."

"Ƙurar buhu har da bota?"

Muka yi ta dariya har wani mai sayen sukari ya tsaya yana kallonmu. Na ce na yafe masa alkawarin, ya ci burodinsa, sharaɗi ɗaya ne kawai, ya riƙa rufe ƙofar tsakani da safe, ya kuma toshe ƙasanta da tsumma.

Makonnin farko sun yi mini wuya. Ba yunwa ba ce, rashin sanin abin da zan ci ne. Sai in tsaya a madafi ina kallon tukwane. Na koma karanta bayan kowane gwangwani da kowace leda a shagon, 'yata ta nuna mini kalmomin da zan nema. Ashe alkama ta shiga wuraren da ban taɓa zato ba, har wasu dunƙulen miya. Na koma ga daddawa da busasshen kifi, miyata ta dawo irin ta kakata. Da safe koko da ƙosai, ko dafaffen dankali da man ja. Tuwon shinkafa ya zama na kusan kullum. Yara suka yi ta gunaguni, sai na ci gaba da dafa musu taliyarsu a wata tukunya dabam.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan wani direba ɗan garinmu. A irin wannan taro akwai wata dattijuwa da duk muke kira Inna, ita ce ta fi kowa daɗewa a Libreville cikin matanmu, ita ke rabon abinci, kuma ba a ce mata a'a. Ta hango ni a gefe da farantin shinkafa, ta taso da kanta da ƙwaryar fura.

"Karɓi, 'yar nan. Na ga kin rame."

"Inna, likita ta hana ni nono."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Nono? Wace irin likita ce za ta hana mutum nono? Da me aka raine ki?"

"Wai jikina ne ba ya so."

"Jikinki bai san abin da yake so ba. Sha, ki yi bisimilla."

Mata duk sun zuba mana ido. Kunya ta hana ni musu, ga kuma ƙamshin citta da kanumfari yana tashi. Na karɓa na sha ludayi ɗaya, na ƙara, na ƙara. Kai, furar nan ta yi daɗi. Washegari cikina ya tashi kamar ganga, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Ko nonon ne, ko fargabar da na sa a raina, Allah ne masani, amma daga ranar na koyi cewa a'a cikin ladabi. Inna ta yi fushi na ɗan lokaci. Daga baya ita ce take shelar abin a kowane taro, tun kafin in zauna: "Kada wanda ya ba wannan nono, ita Baturiya ce." Sunan ya bi ni, ban kuma damu ba.

Muna da maƙwabciya 'yar asalin ƙasar nan, mace mai jiki da babbar murya, tana sayar da rogon nan da ake naɗewa cikin ganye. Shekaru muna gaisawa ta kan katanga, ban taɓa ɗanɗana sana'arta ba, warinsa nake gudu. Wata rana ta ga ina shanya gero sai ta tambayi dalilin da ya sa ta daina ganina da kofin shayin madara. Na haɗa Faransancina da nuni da hannu na yi mata bayani. Ta tafa hannu ta ce ita tun da aka haife ta ba ta ɗauki burodi a matsayin abinci ba. Ta shiga gida ta fito da rogo da gasasshen kifi da miyar kwakwar manja, ta zauna a tabarmata ta ce sai na ci a gabanta. Lomar farko na haɗiye da ƙyar. Ta uku kuwa na fara neman inda miya ta fi yawa.

Ita ce ta kawo maganar kwakwa. Ta ce in madara nake kewa, ai ga madara nan a kan bishiya. Ta fasa guda da bayan adda, ta nuna mini yadda ake gogawa, a zuba ruwan ɗumi, a matse a cikin ƙyalle mai tsabta. Farin ruwa ya zubo cikin kwano, fari tas. Nan take zuciyata ta tafi kan fura.

Gwajin farko bai yi ba. Na goge yatsuna biyu tare da kwakwar, furar kuma ta fito salam, mai zaƙi-zaƙi kamar abincin jarirai. Maigidana ya kurɓa, ya daɗe yana juya ta a baki, sannan ya ce, "To, ba laifi, tana da sanyi." Na gane tsami ne babu. Na jiƙa tsamiya na zuba, sai ta koma ruwan ƙasa, yara suka ce sun ƙoshi tun kafin a ba su. Na gwada lemun tsami, ya yi yawa, har haƙora suka mutu. Na yi ta fama, wata rana in rage wannan, wata rana in ƙara wancan. A ƙarshe na gano cewa in na matse kwakwar da kauri, na ɗiga lemun tsami kaɗan, na ƙara citta da barkono a furar fiye da yadda na saba, na sa a firiji ta yi sanyi, to ana samun abin da za a sha a yi hamdala. Ba furar gidanmu ba ce, ba zan yi ƙarya ba. Amma ranar da na dace, na zauna a ƙofar ɗaki da ƙwaryata, ruwan sama yana dukan kwanon rufi, na shanye tas na lashe ludayin.

Da na koma asibiti na ba likitar labari, har da na sunan. Ta yi dariya sosai a kan Inna. Ta ce tunda ina jin daɗin jikina in ci gaba, sai dai kada in mai da rogo da gero abincin kowane lokaci, domin yawansu ma ba ya yi wa mai irin ciwona kyau. In riƙa sassauyawa, in yawaita kifi, musamman ƙananan da ake ci da ƙaya, da ganye da riɗi, saboda ƙashi. Awon jinina ya yi kyau. Na tambaye ta ko abincin ne ko ƙwayar. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ƙwayar tana aikinta, sauran kuma jikina ne zai faɗa mini. Abin da na sani shi ne zobena ya koma shiga yatsa, ina kuma iya wanki ba tare da na zauna hutawa a tsakiya ba.

Azumin da ya biyo baya shi ne mafi sauƙi da na yi a garin nan. Maigidana yakan yi buɗa-baki a ƙofar shago tare da direbobi da 'yan kasuwa 'yan'uwanmu, kowa matarsa ta aiko da abin da ta dafa. Da can fanke nake aikawa. Wannan karon na aika da wainar shinkafa zalla, ba ko cokali ɗaya na fulawa, da kunun gyaɗa, da 'yar ƙwaryar furata don maigidana shi kaɗai. Ina daga ciki ina jin su. Wani ɗan Garwa mai sayar da atamfa ya ja ƙwaryar gabansa bisa kuskure, ya sha, ya dubi maigidana.

"Alhaji, wannan nonon wace irin saniya ne?"

"Saniyar tana da tsayi," in ji maigidana. "Sai an hau ta da igiya ake tatsa."

Suka kwashe da dariya, ƙwaryar ta zaga hannu-hannu, mai ita bai samu ko ludayi biyu ba. Da ya shigo ya ajiye mini kwanukan ya ce gobe in dama a babbar roba, kuma shi zai riƙa goga kwakwar, tunda shi ya jawo.

Ya kuwa cika wannan alkawarin. Har aka sha ruwa na ƙarshe, kullum bayan la'asar yana zaune a kan benci da magogi tsakanin gwiwoyinsa, yana goga yana sallamar masu saye. Ranar sallah na aika wa maƙwabciyata da waina da miyar taushe, ita kuma ta aiko da kwakwa cike da kwando, wai daga ƙauyensu aka kawo. Da yamma muka ɗauki yara muka tafi bakin teku, na yi tafiya mai nisa a kan yashi da takalmina a hannu, har yaran ne suka fara cewa sun gaji, mu koma gida.